Kada Ki Zo Mini Goyon Ciki

Tsarnawa, ranar Laraba da hantsi.

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Zuwa ga ɗiyata Ramatu.

Ga shi na rubuta sunanki, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Tun ranar da aka raɗa miki shi bakina bai taɓa kama shi ba, sai dai in ce "yarinyar nan" ko "ta Inna", ke kuma ki ce mini Yaya, kamar ba ni na durƙusa na haife ki ba. Haka muka taras ana yi da ɗan fari, ban ga laifin kowa ba. Amma maganar yau ba ta alkunya ba ce.

Ina gaishe ki, ina gaida mai gidanki mushe, malamin makaranta. Allah ya kai ku garin Tawa lafiya, ya sa ku shiga sabon gida da ƙafar dama, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, ya ba shi haƙurin ƴan lakwal, ɗaliban da aka ba shi. Ki yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne, kin san hannuna ya fi sabawa da muciya. Ban iya kai maganar wurin mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ba, don kafin la'asar ta gama zaga gari.

Jiya da kika zo sallama ina kallonki ta wutsiyar ido. Kin sha ruwa a randa, kin zauna, ba a jima ba kin sake tashi. Kin zagaya bayan ɗaki, kin dawo, kin sake ɗaukar moɗa. Matan gida suna ta shewa, wai cikin nan na gidan ne, tun yanzu ya yi kamar na haihuwa, wani ƙaton za a sauke. Na yi musu murmushin yaƙe. Iyakar abin da na iya ce miki shi ne Allah ya raba lafiya, na shige madafa kamar tuwo na ƙonewa.

To ki ji ni da kyau: kada ki zo mini goyon ciki. Na san an shirya in cikin ya tsufa za a maido ki nan ki haihu a ɗakina, in yi miki wanka kamar yadda ake yi wa kowace ɗiya a haihuwar fari. Na tara itace, na sayi kanwa, na sa an liƙe tukunyar wanka. Duk da haka kada ki zo. Ki zauna Tawa kusa da likita, ki haihu a hannunsu. Akwai ciwo a jininmu, ciwon sukari. Ina da shi, na daɗe da sani, kuma ina tsoron ya taɓa ki da abin da ke cikinki. Sauran takardar nan labarin yadda na ɓoye miki ne, kuma wallahi kunya nake ji ina rubutawa.

Zan fara da Inna mahaifiyata, tunda a bayanta kika girma. Kin tuna ta, mace cikakka, in ta zauna a tabarma ba mai raɓawa. Shekarar yunwar nan da aka rufe iyaka ta fara zubewa. Muka ce yunwa ce, ai kowa ya rame. Amma Inna ba ta rasa abinci ba, babanki yana kawo ɗan abin da ya samu a fataucin albasa. Tana ci, tana shan ruwa kamar raƙumi, tana ƙara ƙanjamewa. Ni ke share mata makewayi. Wata safiya na ga kiyashi sun yi baƙi a inda take tsugunawa. Na zuba toka na share. Washegari suka dawo. Haka na yi ta zuba toka kullum kafin wani ya shiga, ban gaya wa ko babanki ba. Me zan ce? In ce na tsaya ina duban fitsarin wadda ta haife ni? Wai ni nan mai tarbiyya.

Sai ƙaya ta soke ta a tafin ƙafa, ita ba ta ma ji ba sai da muka ga jini a takalmi. Wurin ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari. Wanzami ya tsaga, boka ya ce sammu ta taka. Ni kuma da na ga ƙarfinta na ƙarewa, sai na dage da dama mata fura da zuma, ina dafa mata shayi mai kauri, sukari har ya kwanta a gindin kofi, wai in maido mata jini. Ke kike kai mata kwanon, kina dawowa da gudu kina murna ta shanye. Ba ki da laifi ko na ƙwayar gero, ni na dama. Ba ta ga kaka ba a wannan shekara.

Saboda haka nake ce miki, a gaban mai magani babu abin kunya a jikin mutum. Fitsari ne, ƙaiƙayi ne, ko a ina yake, ki buɗe baki ki faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na kira babanki na nuna masa kiyashin nan, ƙila da ya tambayi wani wanda ya sani.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Gidanmu an san mu da manyan jarirai. Ke da kanki da kika faɗo, ungozoma ta ce wannan ai ta yi arba'in a ciki. Ƙannenki Lawali da Nana ma haka. Muna taƙama da abin, ana ce mana masu haihuwar ƴan maruƙa, mu kuma muna fasa kai. Muna da wata taƙamar kuma: ba a jin muryarmu a naƙuda, ba ma zuwa matanite, asibitin haihuwa. Mace ta shiga ɗaki ta durƙusa ta cije, sai kukan jariri ya gaya wa gida.

Cikina na ƙarshe, bayan rasuwar Inna, ya zo da ƙishirwa irin wadda na gani gare ki jiya. Kin tuna Gwaggo Dije, bazawarar nan mai daddawa da ke bayan darninmu? Ita ta tare ni a bakin rijiya, ta dube ni ta ce:

"Hajara, cikin nan ya yi yawa. Ki daure ki je Ƙonni awo a duba ki."

Na ɗauki tuluna na wuce. A raina na ce tsohuwar nan ta yi mini baki.

Naƙuda ta tashi da safe, rana ta take, rana ta karkata, shiru. Ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a nemi mota. Babanki ya tsaya a bakin ƙofa yana roƙona, mutumin da ban taɓa jin ya roƙi kowa ba. Ramatu, gidanmu da kwalta nawa ne? Daga inda nake durƙushe ina jin motocin Ƙonni suna wucewa. Na ce Inna ba ta je ba, ni ma ba inda za ni. Kai ya fito, kafaɗa ta ƙi. Kafin a jawo shi rai ya yi halinsa. Namiji ne, ya cika zanen da aka naɗe shi. Ku yara aka ce muku ya koma, iyakar abin da kuka sani ke nan.

Da mata suka zo gaisuwa suna tambaya ya aka yi, ban ce na ƙi mota ba. Na ce tun ranar da Dije ta yi maganar cikin nan nake jin jikina ba daidai ba. Iyakar abin da na faɗa ke nan, amma na san abin da nake shukawa. Kafin in gama wanka an haɗa mata har da ƙafar Inna. Aka daina sayen daddawarta. In ta biyo hanya mata su janye ƴaƴansu. Da abin ya ishe ta ta tattara komatsanta ta koma wurin ɗan'uwanta a Bazaga, can ta rasu. Ranar da za ta tafi ta leƙo ta kan darni ta ce mini sai wata rana, a yafi juna. Na sunkuyar da kai na yi kamar tankaɗe ya ɗauke mini hankali.

In abu ya same ki, ki fara duba cikin gidanki kafin ki leƙa bayan darni. Wanda ya gaya miki magana mai ɗaci ba lalle maƙiyinki ba ne, a duk garin nan Dije kaɗai ta gaya mini gaskiya. Kuma cije baki a naƙuda ba jarunta ba ce, ban ga abin da ya saya mini ba. In an ce mota, ki shiga mota.

Gaskiyar abin ta fito ne bayan wasu shekaru, lokacin kina kwaleji a Ƙonni. Idona ya fara hazo, zura zare a allura ya gagare ni, ga kasala. Babanki ya ɗauke ni ranar da zai kai albasa, muka biya babban asibitin nan na hanyar Madawa. Aka soki ɗan yatsana aka auna jini. Likitan wani dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce sukari ne, su suna ce masa diyabet, ya tambaye ni ko akwai mai shi a gidanmu. Na ce babu. Bai yi musu ba, sai ya tambayi abin da ya yi ajalin mahaifiyata. Na ce sammu. Ya ce to, sammun ya zo da ƙishirwa? Ta rame tana ci? Ciwon ƙafar ya ƙi warkewa? Ƴaƴana manya nake haifa? Yana tambaya kamar a tsakar gidanmu ya girma. Sai babanki ya yi gyaran murya ya ce ai shi ma mahaifinsa haka ya yi ta shan ruwa, daga baya ido ya tafi. Likita ya ce me ke tsakanina da mijina ban da aure. Muka ce mahaifinsa da Inna ciki ɗaya suka fito.

Ya ajiye alƙalami ya yi mana bayani, ga abin da kaina ya riƙe. Ya ce ba a ɗaukar ciwon a kwano ko a tabarma, ba jifa ba ne, ba kuma hukuncin kwaɗayi ba ne. Jini yake bi, kamar yadda wushiryar Inna ta tsallake ni ta fito a bakinki. Ɗa yana ɗaukar rabin halittarsa wurin uwa, rabi wurin uba. In gefe ɗaya ke da shi, ɗa na iya ɗauka, yana iya kuɓuta. In gefe biyu ne, irin namu da muka yi auren gida, hatsarin ya ƙaru. Amma ya ce abin da ake gada kamar iri ne a ƙasa, ba kowanne ke tsirowa ba. Ƙiba da yawan zaƙi da zama wuri ɗaya su ne ruwan da ke tayar da shi.

Ya ce kuma ciwon iri-iri ne. Akwai mai kama yara ya ramar da su farat ɗaya, wannan sai da allura kullum. Akwai na manya irin nawa, shi ya fi bin dangi. Akwai mai leƙowa lokacin ciki, ya sa ɗa ya yi girman da ya wuce ƙima, ya ɓuya bayan haihuwa, wani lokaci ya dawo daga baya ya zauna. Akwai wani kuma da ba shi da yawa, mai sauka daga iyaye zuwa ƴaƴa zuwa jikoki a jere, tun mutum yana da ƙuruciyarsa. Ya ce ba shi da abin da zai auna ya gaya mini takamaimai wanne ke yawo a gidanmu, amma akwai shi, babu shakka.

Na tambaye shi, da na zo awo, yaron nan zai rayu? Ya ce rai na Allah ne, amma da sun sani, da sun shirya masa. Sannan ya dube ni ya ce:

"Hajiya, ki gaya wa ƴaƴanki. Matan kuwa, tun kafin su ɗauki ciki."

Na ce to. Muna fitowa na sa babanki ya yi mini alkawari ba zai gaya wa kowa ba. Ya ce Hajara, wannan ba daidai ba ne. Na ce wa zai auri ɗiyar gidan da aka ce suna da ciwon gado? Na yi ta kuka a bakin hanya har ya gaji ya ce to. Kada ki riƙe shi a rai, ni na ɗaure masa baki. Ƙwayoyin maganin na zuba su a cikin kwalla, duk wanda ya ga ina haɗiya in ce na hawan jini ne. Ke da kanki kin taɓa tambayata me ya sa na bar shan shayi, na ce haƙori.

Na ƙarshen shi ne wanda ya shafi aurenki. Da maganarku ta yi ƙarfi, Hajiya mahaifiyar mijinki ta taso daga Ilela, wai ta zo gaisuwa, amma kowa ya san bincike ne, haƙƙinta ne kuma. Muka zauna a ɗakina. Ta bi da hankali ta tambayi abin da ake tambaya: kuturta, farfaɗiya, taɓin hankali. Na ce babu, kuma gaskiya na faɗa. Na dama mata fura da sukari, ta ce in sa hannu, na ce azumi nake. Ta sha, ta goge baki, sannan ta ce:

"Ita Inna fa, me ya yi ajalinta? Na ji an ce ƙafa ce."

"Sammu ne, Hajiya," in ji ni. "Wata maƙwabciya ce. Ita ma ta rasu."

Kwallar maganina tana jere a bayan kanta lokacin da nake faɗar haka. Karon farko na zalunci Dije ina cikin duhun kai da zafin rashin ɗa. Karo na biyu na san komai, tana cikin kabarinta, na sake ɗora mata don in aurar da ɗiyata. Hajiya ta yi salati ta ce Allah ya isa, ni kuma na ce amin. Duk lokacin da na tuna amin ɗin nan sai in ji kamar in nutse.

Na gaya miki wannan ne don na san halinki. In malamar awo ta tambaye ki a gaban mijinki ko akwai mai sukari a gidanku, za ki so ki rufa mini asiri. Kada ki rufa. Ba ni da asirin da ya kai abin da ke cikinki. Ki ba mushe takardar nan ya karanta da idonsa, mai ilimi ne, zai gane. In ransa ya ɓaci, ki ce ya juyo da fushin nan Tsarnawa, nan mai laifin take.

Kuna sauke kaya, kafin ki jera kwano, ki je awo. Ki lissafa musu duka, ki ce: mahaifiyata tana da shi, kakata ta wajen uwa da kakana na wajen uba sun tafi da alamunsa, gidanmu manyan jarirai ake haifa, ɗaya ya maƙale ya rasu. Ki ce a auna miki jini. Mai yiwuwa su ce lafiyarki lau, zafin bazara ne ke sa ki shan ruwa. In haka ne alhamdu lillahi, na yi asarar takarda, amma ko a hakan ki haihu a wurinsu. In kuma sun ce akwai, kada ki firgita, ga ni nan ina tafiya da ƙafata, ina daka, ina zuwa biki.

Ki rage shayi, na san mijinki da butarsa ba sa rabuwa, ya sha abinsa. Lemun kwalba ki bar wa baƙi. Fura ki sha ba sukari, kaɗan, ba cikin ƙwarya ba. Ki yawaita ganye, zogale da rama da yakuwa ba su yi wa kowa tsada ba. Kada kuma ki ce za ki zauna da yunwa don tsoro, ki ci yadda suka tsara miki. Ki riƙa taka ƙafa, kada ki zama matar ma'aikaci mai aiken yaro ko moɗar ruwa. Za ki samu masu ce miki ɗaci ke kashe zaƙi, su kawo miki saƙe-saƙi. Ni na sha maɗaci har na yi amai kore, da aka auna sukarin yana nan daram. Ke mai ciki ce, kada ki kai komai baki sai sun sani. In sun ce allura, ki miƙa hannu. In sun ce sai an yi aiki a ciro ɗan, kada ki ce a gidanmu ba a yi. In ya fito ki sa shi a nono da wuri, kada ki yarda tsofaffi su ce sai an zubar da na fari, ki ce kuma a duba shi. Ko bayan kin yi arba'in, kin ji garau, ki riƙa komawa ana auna ki, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Lawali da Nana ni zan zaunar da su, wannan ba aikinki ba ne. Ranar da naki ƴaƴan suka yi hankali kuwa, ki gaya musu da bakinki, kada ki jira sai sun zo sallama.

Jibi Juma'a zan hau motar Ilela in je wurin Hajiya. Babanki ya ce zai raka ni, na ce a'a, bakin da ya ƙulla ƙaryar shi zai je ya kwance ta. Ban san da wane ido za ta dube ni ba. Bazaga kuwa, wurin dangin Dije, har yau ƙafata ta kasa, ki taya ni roƙon Allah ya ba ni ƙarfin zuwa kafin in bi ta. Nan gari ma za a yi magana in aka ga wata ya kama ba ki zo ba. Za a ce surukai sun raina mu, ko mun yi faɗa. Duk wadda ta tambaye ni zan gaya mata dalili, in ta ga dama ta kai kasuwa.

In kin sauka a aiko mini. Zan zo Tawa in yi miki wankan a can, in Hajiya ta yarda in taka gidan ɗanta. In ba ta yarda ba, ita ta yi miki, hannunta ya iya, ni kuma zan zauna nan in jira labari. Gara a ce mini jikana yana can yana tsala kuka ban gan shi ba, da in ɗauke shi a ɗakina ba ya motsi.

Ki yafe mini, Ramatu. Allah ya tsare tafiyarku, ya tsare zamanku. Allah ya sa ki ji kukan ɗanki da kunnenki, ki tashi da ƙafafunki, ki goya shi a bayanki. Allah ya tsayar da wannan gado a kaina. Babanki yana sa miki albarka, ƙannenki suna gaishe ki.

Mahaifiyarki,
Hajara.